Bututun da Na Toshe a Manchester

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A gareji tambaya, a ƙofar coci tambaya, har mai ƙosan bakin titi ta tsare ni da "Baba Bitrus, yaya Ingila?" Na ce lafiya. Suka ce lafiya ba labari ba ce. To ga labarin, na rubuta shi sau ɗaya. Wanda ya sake tambayata zan miƙa masa wannan littafin ya karanta da kansa. Ban yi makaranta ba. Karatun da na iya a ajin yamma na coci na koye shi, da furfurata. Wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa.

Sana'ata gyaran lagireton mota, a nan Jos, tun ina saurayi. Ina kuma liƙe bokiti da tankin ruwa da butar shayi. In na ga ruwa yana ɗiga daga jikin ƙarfe, hannuna ƙaiƙayi yake yi sai na tsayar da shi. Ku riƙe wannan, don shi ne labarin.

An ƙona min shago sau biyu a rikici. A na biyun na rasa matata Saratu. Ba zan ƙara komai a kai ba. 'Ya ɗaya gare ni, Rifkatu. Tana Manchester, tana aikin kula da tsofaffi, mijinta Yohanna yana tuƙa bas. Ta haihu, sai da aka yi mata aiki, aka sami mace, suka sa mata sunan matata. Rifkatu ta bugo waya.

"Baba, da Mama tana nan ita za ta zo min jego. Ba ta nan. Kai za ka zo."

Na ce ban iya wankan jego ba.

Ta ce, "Ka iya zama ai."

Wahalar farko a Abuja na sha ta, wurin biza. Akwai wani gilashi da ake ɗora yatsu ya ɗauki zanensu. Na ɗora, bai ga komai ba. Yarinyar ta goge gilashin, na sake ɗorawa. Ta ba ni mai na shafa. Babu. Dalma da ruwan batir sun cinye zanen yatsuna tuntuni. Ta kira ogansu, ya juya hannuna yana kallo kamar mai tayin fata a kasuwa, ya ce, "Baba, wane aiki kake yi?" Na gaya masa. Da ƙyar ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka fito, aka rubuta bayani a kan sauran.

Jirgi ba abin da zan ce a kansa. Kujera ce matsattsiya da abinci a ɗan faranti kamar na mara lafiya. Mun sauka wata ƙasa mun canza jirgi. Wata mata 'yar Zariya da ke kusa da ni ta cike min takarda, ta kuma nuna min yadda ake kulle banɗaki, bayan wani Bature ya buɗe ƙofa ya same ni.

A Manchester jami'in ya tambaye ni me na zo yi. Na miƙa masa wasiƙar Rifkatu da hoton jaririya. Ya kalli hoton ya ce wani abu yana murmushi, ya buga hatimi. Na ɗauka an gama. Sai wani ɗan kare mai dogon kunne ya zo ya zauna a gaban jakata ya ƙi tashi. Aka buɗe. Acca ta wuce, kuka ta wuce, yaji ya wuce. Daddawa matar ta sunsuna, ta ja da baya, amma ta bar min. Kilishi suka ɗauke duka, wai nama ba ya shiga ƙasarsu. Na kalli karen, ya kalle ni. Na san inda kilishin zai ƙare.

Yohanna ya zo tarya da wata ƙatuwar rigar sanyi. Na ce ya riƙe kayarsa, ni mutumin Jos ne, na san sanyi. Ƙofar ta buɗe da kanta, iska ta doke ni a ƙirji. Na miƙa hannu na karɓi rigar. Bai yi min dariya ba. Yaron yana da tarbiyya.

Unguwarsu Levenshulme. Gidajen jan bulo ne, manne da juna kamar taragon jirgin ƙasa, ƙofa kusa da ƙofa. Kowane gida da bututun hayaƙi a kansa, amma ba ka ganin hayaƙi. Yohanna ya ce da can gawayin kwal ake ƙonawa, yanzu an daina. A gidansu akwai wata tukunyar gas da suke kira boila, ita ke dumama gida da ruwan wanka, iskarta kuma ta tsohon bututun take fita sama.

Rifkatu ba ta iya hawa bene saboda ɗinki, don haka ita da jaririya a falo suke kwana, jikin bangon da bututun ya bi ta ciki, domin nan ya fi ɗumi. Ni aka ba ni ɗakin sama. Ta miƙa min yarinyar. Na riƙe ta kamar yadda nake riƙe lagireton da aka cire daga wuta. Goshin Saratu ne, sak. Na mayar mata da ita na ce zan je in wanke fuska.

Abin da na gani a garin kaɗan ne, amma zan faɗa. A bas ba a gaisuwa. Na shiga na ce sannunku, kowa ya kalli takalminsa. Amma in za su sauka sai kowa ya gode wa direba. Ka taka mutum, shi zai ba ka haƙuri. Kare yana da riga. Kwandon shara kala-kala ne, kowanne da ranarsa, na zuba ɓawon doya a na takarda, Rifkatu ta sa ni na tsince shi. A kan Stockport Road akwai shagunan 'yan Pakistan da na mutanenmu, har kuɓewa da manja ana samu. Kifi da dankalinsu na ci sau ɗaya. Ba laifi, in ka zo da yajinka.

Maƙwabciyarsu wata tsohuwa ce Baturiya. Kullum da safe in na gaishe ta ta kan katanga, sai ta ɗaga gira kawai ta shige. Na ce a raina wannan ba mutum ba ce.

Kuma kada ku ce can babu wahala. Lokacin da na je gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Gidan da ake kai jarirai awo da wasa a ƙarshen layinsu an rufe shi. An rage wa Rifkatu da abokan aikinta lokaci, tsohon da a da ake zama a yi masa wanka a ba shi abinci, yanzu a tsaye ake yi a wuce na gaba. A cocinsu ana raba abincin gwangwani ranar Laraba. Na ga Bature da 'ya'yansa biyu a layi, kansa a ƙasa. Na san wannan tsayuwar. Na yi ta.

Mako biyu ina zaune. Yohanna yana fita aiki, Rifkatu tana shayarwa tana barci. Na dama kunun acca, na wanke kwanuka, na gyara marfin tukunya, na ɗaure ƙafar kujera. Aiki ya ƙare. Mutumin da ya saba da guduma ba ya jin daɗin kallon talabijin.

Wata safiya na fita bayan gida. Ɗan fili ne da bai fi tabarma uku ba. A ƙasan bango na ga wani siririn bututu, kaurinsa kamar babban yatsa, ya leƙo waje, yana ɗigar da ruwa cikin magudana. Ɗis. Ɗis. Na tsuguna na tara hannu. Ruwan ba shi da tsabta, yana da ɗan tsami a hanci. Na ce lallai wani abu ya fashe a ciki, yaran nan ba su sani ba, ga ruwa yana tafiya a banza, ga sanyi yana shiga ta ramin. Kwana uku ina zuwa ina kallonsa. Rana ta huɗu na yanke guntun sandar tsintsiya, na feƙe shi da wuƙar kicin, na naɗe shi da tsumma, na shafe da wani danƙo da na samu a ɗakin kaya, na buga shi ciki da dutse. Ya tsaya cak. Ko raɓa babu.

Ban gaya wa kowa ba. Ba na son a gode min. Aiki mai kyau na yi, kuma matsalar ke nan.

Bayan kamar mako biyu bangon falo ya fara tabo. Da fari kamar tafin hannu, ruwan ƙasa-ƙasa. Sannan ya kai faɗin faifai. Takardar bangon ta kumbura ta fara ɓarewa, baƙin fumfuna ya fito, ɗakin yana wari kamar jiƙaƙƙen toka. Daidai kan gadon yarinya.

Sai jaririya Saratu ta fara tari. Ƙaramin tari, busasshe, irin wanda ke girgiza jariri duka jikinsa. Rifkatu ta kwana uku tana buga wayar asibitin unguwa kafin a ba ta lokaci. Likitan ya saurari ƙirjin ya ce danshi ne, a raba ta da bangon. Aka ja gadon tsakar ɗaki, amma falon duka bai fi shagona ba. Mai gidan da suke haya, da aka kira shi, ya ce laifinsu ne, suna shanya kaya a ɗaki ba sa buɗe taga. Kansil, wato ƙaramar hukumarsu, suka ce sun rubuta, ma'aikatansu sun ragu, a jira.

Faɗa ya tashi a gidan. Ina kicin ina ji.

"Na ce maka kada mu karɓi gidan nan! Na ce maka tsoho ne!"

"Rifkatu, wanne za mu iya kamawa in ba shi ba?"

"Kai ka duba shi. Kai ka sa hannu. Ka ce min komai is fine. Ga fine nan a ƙirjin 'yata!"

"Ki rage murya, Baba yana ji."

"Ya ji! Ya ga irin gidan da ka ajiye jikarsa."

Yohanna ya ɗauki laifin ya tafi aiki da shi. Ni kuma na fita titi na ɗaga kai ina kallon rufi, ina neman inda ruwan sama ke shiga. Na ma ce wa Yohanna in ya samo tsani zan hau. Ko sau ɗaya tunanina bai je kan guntun tsintsiyar nan ba. Me zai kai shi? Wancan gyara ne.

A cikin wannan hali tafiyar Birmingham ta zo. Ban so tafiya ba, amma saƙo ne a hannuna. Alhaji Sale, maƙwabcina na da, ya ba ni acca da yaji in kai wa ɗansa Kabiru, likita a babban asibitin can. A rikici na biyu Alhaji Sale ne ya ɓoye ni da Rifkatu kwana uku a ɗakin ajiyar hatsinsa, Kabiru yana miƙo mana abinci ta taga. Saƙon irin wannan mutum ba a mayar da shi gida.

Yohanna ya sa ni a jirgin ƙasa ranar Juma'a, da takarda a aljihuna mai sunan tasha da lambar waya. Na zauna a kujerar wani, ya tsaya a kaina yana ba ni haƙuri har na gane na tashi. Hanya duk kore ce da tumaki masu ƙiba, ba makiyayi. Tashar Birmingham kasuwa ce a ƙarƙashin ƙasa, ƙofofi ta ko'ina. Na fita ta wata, na dawo, na sake fita, na ga shagon da na bari. Sai na tsaya wuri ɗaya na rungume jakata. A nan na ji murya a bayana.

"Baba Bitrus! Wallahi ko a cikin mutum dubu na san tsayuwar nan."

Ya durƙusa a tsakiyar tasha, da kwat ɗinsa, Turawa suna kewaye mu. Na ce ya tashi kada a ɗauka sata na yi.

Gidansa a Edgbaston yake, tsohon gida babba, da itatuwa a gaba. Matarsa Hajiya Maimuna ta yi min tuwon shinkafa miyar taushe. Na ci har na ji kunya. 'Ya'yansu suka gaishe ni da Hausar da sai an fassara min. Na gaya wa Kabiru tarin yarinya. Ya yi tambayoyi, ya ce in ya ƙaru a kai ta asibiti kai tsaye kada a jira kowa.

Da safe, Asabar, wata farar mota ta tsaya da tsani a kanta. Kabiru ya ce mai sharar bututun hayaƙi ce, duk shekara take zuwa kafin sanyi ya yi ƙarfi. Mace ce. Ta kai shekara hamsin, gajeriya, sunanta Sandra. Ta kafa tsani ta hau rufi kamar ƙadangare. Ba wanda ya sa ni, na je na riƙe mata tsanin. Da ta sauko ta kalli hannuna, ta nuna min nata. Duk tabon ƙuna. Ta ce wani abu. Kabiru ya ce, "Wai ta ce kai ɗan sana'a ne." Na ce ya gaya mata ita ma.

Daga nan na bi ta duk inda ta shiga, Kabiru yana fassara. Ta nuna min cewa a cikin bututun bulo akwai wani na ƙarfe da aka zura daga sama har ƙasa, kamar shafin babbar riga, don hayaƙi kada ya taɓa bulo. Ta tsuguna a gindinsa, ta kwance wani marfi, ta zubar da ruwan da ya taru a ciki. Sannan ta ɗauki waya ta zura cikin wani siririn bututu da ya fita waje, ta tura ta ja, ta zuba ruwa ta gani ko yana wucewa. Muka zagaya baya. Ga shi nan yana ɗiga. Ɗis. Ɗis.

Na ce, "Kabiru, gaya mata wannan yana yoyo. In tana so in toshe mata, minti biyar ne."

Ya gaya mata. Ta yi dariya har ta dafa bango. Sannan ta ja ni kicin, ta ɗaga marfin tukunyar da Hajiya ta ɗora, ta juya shi, ruwa ya gangaro. Ta ce haka hayaƙi yake. Yana fita da zafi da tururi a cikinsa, in ya hau sama ya tarar da ƙarfe mai sanyi sai ya yi zufa, zufar ta gangaro ƙasa. A ƙasar sanyi kullum haka ne. Wannan ɗan bututun an sa shi ne don zufar ta fita. In yana ɗiga, lafiya ke nan.

Indararo ne. Ni da na girma a gidan soro, na san abin da ke faruwa da ɗakin da aka toshe wa indararo da damina.

Na ce, "Tambaye ta, in aka toshe fa?"

Ta daina dariya. Ta ƙirga a yatsunta. Da fari ruwan zai taru ya sami mahaɗa ya shiga bango. Ruwan yana da tsami, zai ci ƙarfen. In ya taru ya rufe hanya, iskar gas ɗin ba ta da wurin fita, sai ta dawo cikin gida. Ba ta da wari, ba ta da launi. Mutum ya ji ciwon kai, ya ji barci. Ta sauke hannunta ƙasa, daidai tsayin gadon jariri. Wannan ba sai an fassara min ba.

Na zauna a kan matakala. Na ce, "Kabiru, kira Rifkatu." Na gaya masa abin da na yi, a kalma kaɗan.

Bai ɓata lokaci ba. Na ji yana cewa, "Rifkatu, Kabiru ne. Ki kashe boila yanzu. Ki buɗe tagogi duka. Ki ɗauki yarinya ki fita daga gidan. Kanki yana ciwo? To. Ki fita dai. Muna zuwa, zan yi miki bayani."

Sandra ta je motarta ta dawo da wani ɗan farin akwati kamar sabulu. Ta ce yana yin ƙara in iskar ta shiga ɗaki, a rataye shi a falo. Ta ce toshiyar tawa ce, in cire ta, amma kada in taɓa boila, sai mai takardar aikin gas ya zo ya auna. Na sa hannu a aljihu. Ta ture hannun.

A mota muka koma, Kabiru yana tuƙi. Muka yi nisa a hanya. Sai ya ce, "Baba, ba sai ka ce kai ne ba. Zan zagaya baya in cire. Mu ce datti ne ya toshe shi. Yana faruwa."

Na yi tunani a kai, ba zan yi ƙarya ba. Har wata tashar mai ina tunani. Rifkatu ita kaɗai ta rage min, ta kira ni in zo in zauna, zama kawai, na kasa. Amma na tuna Yohanna yana ɗaure takalmi da safe, kansa a ƙasa kamar Baturen nan na layin abinci.

Na ce, "Yaron nan mako biyu yana ɗauke da kayana. Ya isa."

Mun isa da la'asar. Tagogin gidan a buɗe, labule yana kaɗawa, ba kowa. Ƙofar maƙwabciya ta buɗe, tsohuwar nan mai ɗaga gira ta yafito mu. Rifkatu tana kan kujerarta da bargo da kofin shayi, Saratu tana barci a ƙirjin tsohuwar. Ashe kurma ce, kunne ɗaya kawai ke ji kaɗan. Duk gaisuwar da nake yi ba ta taɓa jin ko ɗaya ba. Kabiru ya duba yarinyar, ya duba uwar, ya ce da sauƙi, amma gobe a je a auna su.

Yohanna ya iso da kayan aiki a jikinsa, yana haki. Na ce su biyo ni bayan gida, a zo da bokiti da filaya. Na tsuguna na nuna musu.

"Wannan ni na sa. Ba laifin gida ba ne, ba laifin Yohanna ba. Na ɗauka yoyo ne."

Na kama guntun da filaya. Ya ƙi fita. Na ce muku aiki mai kyau na yi. Sai da na taka bango na ja da ƙarfi, na faɗi zaune. Ruwan ya fito da gudu, baƙi-baƙi, da tsatsa, yana wari. Ya cika bokitin, Yohanna ya zubar ya sake tarawa, ya kai rabi.

Rifkatu ta tsaya da hannu a ƙugu. Muryar uwarta ce ta fito.

"Baba, wa ya aike ka?"

"Ba kowa."

"Ka tambayi wani?"

"A'a."

"Na ce ka zo ka zauna. Zama! Shi ne ka zo ka gyara min Ingila?"

Na juya wurin Yohanna na ce, "Ka yafe min. An zage ka a kan aikina."

Ya ce, "Haba Baba, haba." Ya kama hannuna ya tashe ni daga ƙasa. Sannan ya kalli matarsa, ya gyara wuyan riga. "To, Madam, ina jira."

"Kana jiran me?"

"Ki ce gidan is fine."

Ta jefe shi da tsumman da na cire. Tana kuka tana dariya. Ta zo ta dafa kafaɗata ta ce, "Wandonka ya jiƙe, tsoho. Je ka canza kafin kai ma ka fara tari."

Kwana biyu muka yi a gidan tsohuwar da rana, da dare muna dumama ɗakinmu na sama da hitar lantarki. Ran Litinin mai aikin gas ya zo da na'urarsa. Ya ce ruwan ya ci mahaɗa ɗaya, sai an canza, amma bai kai ga rufe hanya ba. Ya nuna da yatsu biyu abin da ya rage. Ba yawa.

Mai gidan ma ni na gaya masa da bakina, Yohanna yana fassara. Ɗan Pakistan ne mai furfura. Ya daɗe yana kallona. Sai ya ce ubansa, shekarar da ya fara zuwa ƙasar, ya bi duk ramukan shan iska na gidansu ya liƙe da siminti, wai ɓeraye. Ya sa aka canza mahaɗar. Bangon kuwa ni na kankare shi, na wanke fumfunar, na jira ya bushe, na yi fenti. Wannan karon sai da na tambaya.

Bango ba ya bushewa da wuri a ƙasar nan. Kullum da safe ina ɗora tafin hannu a kai. Tabon yana ja da baya kaɗan-kaɗan, tarin ma haka. Wata safiya ina dama kunu na lura tun tashina ban ji shi ba. Na tsaya da ludayi a hannu ina saurare. Sai numfashinta kawai. Kafin in taho ta fara dariya, ta kama ɗan yatsana, wanda gilashin Abuja ya gani, ta kai baki.

Tsohuwar ta ba ni safa da ta saƙa. Kabiru ya aiko wa babansa magani da hoton jikoki. Sandra na aika mata yaji, ban sani ba ko ta iya ci.

Guntun tsintsiyar na zo da shi. Kare bai kula shi ba. Yana rataye a gareji a kan ƙusa, wanda ya zo zai gani. Har yanzu in aka kawo min abu yana ɗiga ina liƙewa, sana'ata ce. Sai dai yanzu nakan fara tambayar mai shi daga ina ruwan yake, kuma ina za shi.

Rifkatu tana kira duk Lahadi bayan coci. Muna gaisawa, ta sa min yarinya ta yi surutunta. Kafin ta ajiye nakan ce ta leƙa bayan gida. Tana tsaki, amma tana zuwa. Ina jin ƙarar ƙofa, ina jin takunta a kan siminti.

"Yana ɗiga?"

"Yana ɗiga, Baba."

"To, madalla. A bar shi."